Sanyin da Muka Sani a Ƙonni

Tunda samari sun watse saura mu ya mu, ku matso in faɗa muku abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ba na son tayar da shi a gaban yara, don da ka buɗe baki sai su ɗauka zancen nan ne na tsofaffi, wai komai na da ya fi na yanzu. Ku kuwa tare muka tashi, rijiya ɗaya muka sha, abin da na gani kun gani. Sanyin ƙasar nan ya canza hali. Yana nan yana zuwa, wata shekarar ma har ya kora mutane ɗaka tun magariba, amma ya daina cika alkawari. Ya makara wajen shigowa, ya yi gaggawar fita, tsakiyarsa kuma a yanke take, a yi ƴan kwanaki ana rawar ɗari, sai kuma a koma kwana da ƙofa a buɗe.

Ku tuna yadda yake muna yara. Da an gama ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, dawa na tsaye tana jiran yanka, wata safiya sai ka fito ka ji iska ta juya, ta koma busowa daga gabas maso arewa, busasshiya, da warin ƙura a cikinta. Leɓe ya fara tsagewa, hanci ya bushe. Daga nan an shiga ke nan, tun Nuwamba bai yi nisa ba har Fabrairu ya kusa fita. Alwalar asuba ita ce jarrabawar ranar, ka zuba ruwan buta a hannu ka ji shi har cikin ƙashi. Iyayenmu mata su ɗora ruwa a murhu saboda tsofaffin gida, mu yara kuwa sai dai mu yi ta maza. Man gyaɗa ya yi barci a kwalba, sai an jingina shi kusa da wuta kafin a samu na miya. Ƙofar kowane gida da safe akwai wutar kara, yara sun kewaye ta, gaba ya gasu baya na ɗari, sai a juya a ba baya haƙƙinsa. Almajirai su taru a jikin wutarsu da allunansu tun kafin kiran salla, kana kwance kana jiyo karatu da tari a haɗe. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta kwanciya sai an kai mata kaskon garwashi ɗaki, ta lulluɓa da gwado ta ɗora sakala a kai. Faso kuwa, Alhaji, kai ne babban shaida, don duk cikinmu ƙafarka ta fi tsagewa. Da dare a wanke ta da ruwan ɗumi a cusa man kaɗe, da safe ka taka ƙasa ka ji zafin har tsakar ka. Kuma da wuya shekara ta wuce ba a yi gobara a wata unguwa ba, saboda garwashi da ɗakin kara da iska ba sa zama lafiya wuri ɗaya.

Ban manta wahalar ba. Yara nawa ciwon haƙarƙari ya ɗauke a watannin nan, ku ma kun sani, wasu ƙannenmu ne.

Mushe, na ga kana gyara zama, na kuma san abin da za ka ce. Lokacin ƴar shara ɗaya gare mu, ba takalmi, ba hula. Yau yaro zai tafi lakwal da rigar sanyi ta gwanjo da safa da hular ulu, duk an sayo masa a kasuwar Laraba. Wanda ya ji sanyi da fatar jikinsa da wanda ya ji shi ta cikin jaket ba za su ba da labari ɗaya ba. Garin ma ba shi ba ne. Ƙonnin da muka sani, ka ɗan taka kaɗan ka faɗa gonaki, iska ta same ka ba abin da ya tare ta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 60,000 a cikin gari kaɗai, balle abin da ya ƙaru tun daga lokacin. Simintin Malbaza ya shiga ko'ina, bulo da daɓe da kwalta su yini suna shan rana, dare ya yi su riƙa amayo zafin. Ga manyan motoci jere suna jiran tsallakawa Illelar Najeriya, ga babura ba adadi. Duk wannan gaskiya ne, na karɓa hannu biyu.

To amma ka fita gari ka gangara fadama. Mutumin da ke ban ruwa a Tsarnawa ko Dogarawa ko Galmi, wanda ke fita tun gari bai waye ba, ƙafarsa cikin laka, ba bulo ko ɗaya kusa da shi, shi ma abin da yake faɗa ke nan. Yaya, kai da rayuwarka duka a garka ka yi ta, ka sha gaya mana cewa da can in ka ja guga da asuba a tsakiyar Disamba, ruwan rijiya har tururi yake, don iskar waje ta fi shi sanyi nesa ba kusa ba. Yanzu sai sanyi ya shigo ya fita, safiyar da ka ga wannan tururin ba ta taka kara ta karya ba. Akwai kuma shaidar da ba ta taɓa yin ƙuruciya ba, ba ta taɓa sa jaket ba, wato ma'aunin zafi. A nan Ƙonni akwai tashar auna yanayi, da irinta a Tawa da Maraɗi da Yamai, kullum ana rubuta iyakar zafin rana da iyakar sanyin dare, shekara da shekaru. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, irin aikin da take bibiya ke nan. Masanan da suka tattara waɗannan rubuce-rubuce na Afirka ta Yamma tun daga 1961 sun ga dararen sanyi sun ragu, dararen zafi sun ƙaru, kuma ɗumin dare ya fi na rana saurin hawa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya taɓa mu, domin sanyinmu na dare ne. Ko a Janairu, da rana tsaka zafi kan kai digiri 30 ko ya haura, dare ne ke saukowa wajen 15. Dalili kuwa, iskar hunturu ba laima a cikinta, sama a washe take, sai zafin da ƙasa ta sha da rana ya tashi ya yi tafiyarsa. Ku ɗauki tukunyar da aka sauke daga murhu. In an bar ta a buɗe, nan da nan ta huce, in an kifa mata faifai sai ta daɗe da zafinta. Hayaƙin da duniya ke fitarwa daga kwal da fetur da gas, wanda ido ba ya gani, shi ne faifan. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sama, yau ta haura 420. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa, ta ɗara wancan zamani da digiri 1.5 da ɗan ɗoriya. Digiri ɗaya da rabi ba ya cika kunne, na sani. Amma mutumin da sanyinsa gaba ɗaya bai cika wata huɗu ba, aka gutsure masa farko aka gutsure ƙarshe, ya san an taɓa shi.

Kada kuma mu haɗa hazo da sanyi don suna tafiya tare. Ƙurar nan da ke rufe mana rana baƙuwa ce, mai yawa daga cikinta daga Bodele take tasowa, can arewacin Cadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa ta yo mana nan da ita. A shekarun fari, daga 1973 zuwa bayan 1984, ƙura ta yi yawan da ba a saba gani ba. Mu da muka yi ƙuruciya a tsakanin nan, hazon da muke tunawa, wanda mota ke kunna fitila da rana tsaka a hanyar Tawa, fari ne ya ƙara masa kauri. In wannan ya ragu ba mu yi asarar komai ba. Ranar hazo rana ba ta da kaifi, sai ka ce ai ana sanyi, amma daren da ya fi cizo shi ne wanda sama ta washe, taurari suka fito tar. Irin wannan daren ne nake cewa ya yi ƙaranci.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, a ƙasarmu sanyi jari ne. Bature in sanyinsa ya ragu, kuɗin ɗumama ɗaki ya ragu masa. Mu kuwa cikin sanyi muke noma na biyu. Damanarmu wata uku ce zuwa huɗu, ruwan shekara a nan wajen milimita 500, wata shekarar ya kai wata ya gaza, kuma abin da ke cike giɓin rumbu shi ne wanda aka shuka tsakanin Nuwamba da Maris. Kun tuna 1984, yunwar da aka sa wa suna El-Buhari, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Mu da ke bakin iyakar mun fi kowa sanin ɗacinta. A shekarar ne Janar Seyni Kunce ya tashi tsaye kan noman rani, aka ce duk inda ruwa ke kusa a haƙa a shuka. Mutanen ƙwarin Magiya sun san albasa tun kaka da kakanni, amma daga nan ne garka ta zama abin da gida ke jingina da shi, kabeji da tumatir da salati da karas suka shiga tukunyar talaka. Dukansu ƴaƴan sanyi ne. Gidan da ya samu garka mai kyau, ɗansa ba lallai ya kama hanyar Abijan ko Libiya cin rani ba.

Ku dubi gandun noman nan na bayan gari, wanda aka fara a 1976 aka faɗaɗa a farkon shekarun 1980, sama da hekta 2,400, ruwansa na gangarowa daga barajin Mozage da na Zango. Ƴan shekarun nan an gyara magudanansa da kuɗin Amurka a ƙarƙashin shirin MCA. Magudana in ta fashe, siminti da ƙarfe su gyara ta. Sanyin da amfanin ke buƙata ba kamfanin da za a ba kwangilarsa.

Alkama ita ce ta fi faɗin gaskiya. Tana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta yi rassa cikin sanyi, ta fitar da kai cikin sanyi, ta cika ido kafin zafi ya sauko. In zafi ya riske ta tana cikin cika ido, sai ta yi saurin nuna, ƙwayar ta motse. Ka tsaya a bakin gona ka ga zangarniya ta yi kyau, a sussuka a auna, ka tarar tiya ta gaza. Alhaji, kai ka bar ta ka koma masara, kuma ba kai kaɗai ba. Ga inda gizo ke saƙa: in ka yi sauri ka shuka da wuri don ka tsere wa zafin Maris, ka tarar ƙasa ba ta huce ba, tsiron ya fito a raunane bai yi rassa ba. In ka jira sanyi ya kankama, zafin ƙarshe ya tare ka a gaba. Ƙofar ta ƙuntata ta gefe biyu, manomi na tsakiya yana lalube da kwanakin da ubansa ya bar masa.

Albasa ta fi alkama haƙuri, shi ya sa ba a saurin gane nata ciwon. Jar albasar Galmi, wadda ake lodinta zuwa Abijan da Akara da Kumasi da Lome da Kwatano, ta kai sunan ƙasar nan kasuwannin da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Ita ma tana da sharaɗinta. Tana son sanyi ta yi ganye ta tara ƙarfi, sa'an nan ɗumi ya zo ta ƙulla kai. In zafi ya riga lokaci, sai ta fara ƙulla kai tun ganyen bai isa ba, albasar ta fito ƙanana, buhu ya ƙi cika, dillali ya taya yadda ya ga dama. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye har ya yi fari-fari, zafi da bushewa suke so, in ɗumi ya zo da wuri su ma da wuri suke yin yawa, sai ƙarin kuɗin magani. Masu fitar da iri su na fi tausaya wa. Albasar da aka mayar ƙasa don iri sai ta sha sanyi take fitar da sanda ta yi fure sosai, furen kuma in iska mai zafi ta doke shi ba ya ɗaukar ƴaƴa da kyau. Duk wanda ya taɓa neman irin albasa lokacin yafi ya ji kuɗinsa, ya san girman wannan magana.

Damana ma ta sa hannu daga nata ɓangaren. Kun ga 2024, ruwan da aka yi ya kashe mutum sama da 300 a ƙasar nan, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. In ruwa ya ja har Oktoba, ƙasa jiƙe, iska cike da laima, dare ba ya samun hucewa, ga fadamun da za a yafa iri suna kwance cikin ruwa. Aikin rani ya fara a makare, ya je ya ci karo da bazara.

Sai ban ruwa. Duk ranar da iska ta yi ɗumi ƙarin ruwa ne, ƙarin ruwa kuwa ƙarin mai ne a inji. Shekara da shekaru garkunanmu da fetur mai arha na tsallaken iyaka suke sha. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 farashi ya yi tsalle, wata biyu bayan haka aka rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Manomi ya wayi gari yana ba da ruwa fiye da da, da man da ya fi na da tsada. Shi ya sa duk wanda ya samu hali yake komawa famfon hasken rana, kuma na yi murna da haka, kamar yadda na yi murna da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, ta farko irinta a ƙasar nan. Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya. Famfon da ba a saya masa mai, ba mai tunawa ya kashe shi, ruwan fadama kuwa yana da ƙarshe.

Jiki ma yana da rabonsa a cikin sanyi. A watannin nan ne mutum ke barci na ƙwarai, abinci ya zauna masa, ƙarfin da damana ta kwashe ya dawo. Lokacin aure ke nan, lokacin tubali da gini, lokacin kokowa. Gasar Takobi ta ƙasa, da aka fara a Tawa a 1975, har yau cikin sanyi aka fi yin ta. Da can in hunturu ya buso sauro ya ɗauke, a naɗe sange a ajiye sai baɗi. Yanzu a cikin gari har Disamba kana jin kukansa a kunne. Kwatamin da ba ya bushewa da ruwan garkuna suna da hannu a ciki, ba zan ɗora wa yanayi duka ba. Amma sauro ɗumi yake so, kuma maganin riga-kafin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yara, na watannin damana ne zuwa Oktoba. Yaron da sauro ya cije a Disamba ya fita daga wannan lissafi. Sanƙarau kuma kun san lokacinsa, tsakanin ƙarshen hunturu da saukar ruwa, in ƙura ta haɗu da zafi. Wanda ya ga 1995 da 1996 ba ya son a tuna masa. Allurar da aka kawo a 2010 ta karya ƙarfin nau'in da ya fi yi mana ɓarna, sai ga wani nau'in a 2015. Tsorona shi ne, duk kwanan da aka zare daga sanyi, wannan mugun tsakanin aka ƙara wa.

Akwai wani ma'auni da Allah ya ba mu wanda ba sai an je tashar auna yanayi ba. Azumi zagaya shekara yake, kowace shekara ya matso baya da kwana 11, sai ya yi wajen shekara 33 ya dawo inda ya tashi. Baba, kai ka yi azumin 1966 da ya kama a tsakiyar Disamba, kana saurayi, ka sha ba mu labarin sahur ɗin da ake ci a lulluɓe, hannu kawai ake fitarwa daga bargo zuwa ƙwarya. Mu kuma mun yi na 1999, wanda ya kama a farkon Disamba aka yi salla a Janairun 2000. An sha ruwa kowa kunu mai zafi yake nema, masu ƙanƙara sun rasa ciniki, asham sai cikin masallaci a rufe tagogi. Mu a wurinmu sanyi ne na gaske, kai kuwa tun lokacin ka ce bai kamo ƙafar wanda ka sani ba.

Sai ga azumin 2024, daga 11 ga Maris zuwa cikin Afrilu. Zafin da aka yi a goman ƙarshe ba wanda zai manta shi a cikinmu. A Kayes ta ƙasar Mali ma'auni ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, wani babban asibitin Bamako ya rubuta mutuwar mutum 102 cikin kwana 4 na farkon watan. Masanan da suka bincika sun ce ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, zafin ba zai kai haka ba, kuma a can ma ƙarin da aka samu na dare ya fi na rana. Tsoho ya yini da ƙishirwa, dare ya yi bai samu iskar da za ta sauke masa zafin jiki ba, gari ya waye ya ɗora. Yanzu azumi na gangarowa zuwa sanyi. A 2030 sau biyu za a ɗauke shi, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, sa'an nan ya yi ƴan shekaru a cikin Disamba da Nuwamba. Ina jin mutane na murna suna ƙidaya, ni ma ina cikinsu. In Allah ya kai mu, awo na biyu ke nan a wurinmu, Baba kuwa muna roƙon Allah ya ja kwanansa ya yi na uku.

Malam, ka ce ikon Allah ne, kuma ba mai jayayya da wannan a cikinmu. Fari ma ikon Allah ne, bai hana iyayenmu haƙa rijiya ba. Kuma sanin ikon Allah bai hana a san wanda ya hura wutar ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba, Nijar kuwa da kyar ake ganinta a lissafin. A Paris a 2015 ƙasashe suka yi alkawarin riƙe ɗumamar a ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙari ma ta tsaya a 1.5, ga shi tun ba a je ko'ina ba an taɓa 1.5 ɗin. Wannan yana ɓata mini rai, ba na ɓoyewa. Talakan Dogarawa da ko babur bai mallaka ba yana biyan bashin da bai ci ba, da albasarsa da lafiyar ƴaƴansa.

Namu laifin a wajen itace yake, mun sare da yawa. Sai dai a nan mun riga mun nuna cewa muna iya gyara. A 1989 wani shiri na FIDA, asusun raya noma na duniya, ya kai wasu manoman Illela tamu ta Adar zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, a zuba taki, a jira ruwa. Suka dawo suka gyara tassa, wato irin waɗannan ramukan da suka gada. Cikin ƴan shekaru, fakon da ko kyauta ba mai karɓa ya zama abin saye da sayarwa a wajajen Badagishiri. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso har mata suka samu garkuna, itatuwa suka dawo gonaki. Can sama a ƙwarin Magiya wajen Buza kuma, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, kowa ya ga amfaninsu. Tassa da itatuwa ba za su dawo mana da sanyin 1966 ba, wannan ya fi ƙarfin ƙauye, ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Amma garkar da ke da shingen itace tana riƙe laima, iska mai zafi ba ta dokan fure kai tsaye, ruwan da ka ba da safe yana kai ta yamma. Yaya, taka garkar da ta maƙwabcinka da ya sare nasa shingen, kowa ya bi ta hanyar yana ganin bambancin.

Ga abin da nake so mu yi tun bana, mu da ke zaune nan. Kwanakin shuka da muke bi, iyayenmu ne suka tara su da lura, shekara bayan shekara, har suka zama abin da ake gado. Yanzu kwanakin sun goce, yaranmu kuwa in ba mu bar musu sabo ba da tsohon za su riƙa aiki suna asara. Mushe, kai ke da rubutu mai kyau, littafin na hannunka. Alhaji, in ka shiga Sakkwato ko Tawa ka sayo mana ma'aunin zafi irin na rataye, a kai garkar Yaya a rataya a inuwa, ɗansa ya riƙa dubawa bayan sallar asuba. A rubuta daren farko da aka nemi bargo, da kwanakin da man gyaɗa ya yi barci, da ranar yafa irin albasa da ranar dashe da ranar cirewa, da buhu nawa aka samu, da ranar da aka shuka alkama ga wanda bai bar ta ba, da daren farko da aka fitar da tabarma tsakar gida. Ni zan tambayi abokan cinikina na Galmi da Badagishiri su riƙa aiko da nasu ta waya, don kada awon ya zama na wuri ɗaya. Baba, kafin ka tashi, fara ba Mushe na shekarunka: a wane wata kuke fara hura wutar safe, kuma yaushe kuke komawa kwana a waje?